Kisan Nanjing a cikin labarin almara: muhawara kan littafin The Poppy War

Malam Auwal:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Littafin da muka ajiye za mu tattauna a wannan wata shi ne The Poppy War na R. F. Kuang, wanda ya fito a 2018, kuma shi ne na farko cikin jerin littattafai uku, domin The Dragon Republic ya biyo shi a 2019, The Burning God kuma a 2020. Wanda bai kai ƙarshensa ba ya yi haƙuri, saboda maganar da nake so mu yi ba za ta yiwu ba sai an tona yadda labarin ya ƙare.

A taƙaice, labarin wata marainiya ce mai suna Rin, wadda ta tashi a hannun wasu masu fataucin ofiyom a wani ƙauye na kudancin daular Nikan. Da ta ga masu riƙonta sun shirya aurar da ita ga wani jami'in gwamnati da ya girme ta nesa ba kusa ba don kasuwancinsu ya samu kariya, sai ta duƙufa karatun jarrabawar Keju na tsawon shekara biyu, har tana ɗiga wa jikinta narkakken kyandir don kada barci ya ɗauke ta. Ta ci jarrabawar, ta samu shiga Sinegard, babbar makarantar horar da hafsoshin soja, inda 'ya'yan manya suka riƙa yi mata kallon raini saboda duhun fatarta da harshenta na ƙauye. A can wani malami mai suna Jiang ya koya mata yadda ake kiran allolinsu su hau mutum. Ana cikin haka ƙasar Mugen ta kawo yaƙi, aka yi kisan kiyashi a birnin Golyn Niis, daga ƙarshe Rin ta kira allan wuta, Finiks, ta hallaka tsibirin Mugen baki ɗaya, da soja da jariri.

Duk wanda ya san tarihin ƙasar Sin zai gane cewa Nikan ita ce Sin, Mugen ita ce Japan, Hesperia kuma ƙasashen Turawa ne, sannan Golyn Niis shi ne Nanjing na watan Disamba 1937. Ra'ayina shi ne tsafin da ke cikin littafin ba ado ba ne. Marubuciyar ta ɗauki wanda aka zalunta, ta damƙa masa ƙarfin da tarihi bai ba shi ba, sannan ta sa muka tsaya muna kallon abin da zai yi da shi. Tambayata ita ce, shin ya dace a zuba kisan da aka yi wa mutane na gaskiya a cikin labarin da ake kiran alloli da hayaƙin ofiyom?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai amsata ita ce bai dace ba, kuma zan faɗi dalilina dalla-dalla. Babi na 21, inda su Rin suka shiga Golyn Niis ta kogi suka tarar da gawarwaki sun cika ruwa, ba ƙagen marubuciyar ba ne. Kusan duk abin da ke ciki an same shi a shaidar waɗanda suka tsira daga Nanjing, kuma mai karatu da ya taɓa duba littafin Iris Chang na 1997 kan wannan kisa zai gane su ɗaya bayan ɗaya. Birnin ya faɗa hannun sojojin Japan ranar 13 ga Disamba 1937, aka shafe kusan mako shida ana kisa da fyaɗe da ƙone-ƙone. Kotun da ta zauna a Tokyo bayan yaƙi ta ce waɗanda aka kashe sun haura 200,000, gwamnatin Sin kuwa 300,000 take cewa, kuma wannan adadi ne aka rubuta a bangon gidan tunawa da su da ke Nanjing. Hatta gasar sare kawuna da aka ambata a littafin tana da asali, domin wata jaridar Tokyo ta buga labarin hafsoshi biyu, Mukai da Noda, da aka ce suna rige-rigen kashe mutum 100 da takobi, kuma an zartar musu da hukuncin kisa a Nanjing a 1948.

To abin da ke damuna shi ne, har gobe akwai masu musun cewa an yi wannan ta'asa, ko kuma masu rage adadin har ya koma kamar ba komai ba. A irin wannan hali, idan ka cire sunan birnin, ka cire sunan ƙasar da ta aikata, ka sa abin a tsakanin allan biri da allan wuta, me ka yi wa mamatan? Yaron da ya karanta a Amurka ko a Kano zai rufe littafin yana cewa marubuciyar nan ta iya tsoratarwa, alhali ba ita ta ƙirƙiro tsoron ba, aro ta yi daga kaburburan mutane.

Nafisa:
Hajiya, ina neman afuwa, amma ni ce irin yarinyar da kike magana a kanta, kuma abin da ya same ni akasin haka ne. A makaranta an koya mana Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin abin da ya fara a 1939 da mamayar Poland, aka ambaci Hitila, aka ambaci Hiroshima, aka wuce. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa a Sin yaƙin ya ɓarke gadan-gadan tun 7 ga Yuli 1937 a gadar Marco Polo kusa da Beijing, ko cewa an gwabza wata uku a Shanghai kafin a nufi Nanjing. Wannan littafi ne ya sa na je na bincika, kuma marubuciyar ba ta ɓoye inda ta samo kayanta ba, ta sha faɗinsa a fili. An haife ta a Guangzhou a 1996, ta karanci tarihi a jami'ar Georgetown, saboda haka ba baƙuwa ce ta zo ɗibar labarin wasu ba. Da littafin tarihi ne zalla mai shafi 500, gaskiya ba zan ɗauke shi ba. Labarin makarantar da ke farkonsa ne ya ja ni, sai da na saki jiki sannan ƙasa ta tsage a ƙarƙashina.

Hajiya Rabi:
'Yata, Allah ya ƙara miki himma, amma ke kin bincika ne saboda halinki ne bincike. Cikin masu karatu goma, nawa ne za su yi yadda kika yi? Kuma wannan sakin jiki da kika ambata shi ne ainihin abin da nake ƙorafi a kai. An yi amfani da labarin makaranta, da kishin 'yan aji, da malami mai barkwanci, a matsayin koto, don idan an zo wurin gawarwakin bugun ya fi zafi. Dabara ce ta marubuta, na yarda, kuma ta yi aiki. Sai dai ina ganin akwai abubuwan da bai kamata su zama kayan dabara ba.

Malam Bashir:
Ina gaishe ku baki ɗaya. Ina so in shigo ta wata ƙofa dabam, domin na lura Hajiya da Malam Auwal duk sun ɗauka cewa tarihi yana gefe ɗaya, tsafi kuma yana ɗaya gefen, marubuciyar ce ta haɗa su. A nawa karatun, hawan iskoki yana cikin tarihin yaƙe-yaƙen Sin tun asali, kuma ba sai an ƙago shi ba.

Tun zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, sarakuna ba sa fita yaƙi sai an ƙona ƙashin kafaɗar saniya ko ƙoƙon kunkuru an duba tsagewarsa, kuma dubban irin waɗannan ƙasusuwa da rubutu a jikinsu an tono su a yankin Anyang. A shekarar 184 Zhang Jue, wanda ya yi suna wajen warkar da marasa lafiya da ruwan tsubbu, ya tayar da boren masu ɗaura rawayan ƙyalle a ka, boren da ya girgiza daular Han. Amma misalin da ya fi kusa da littafinmu shi ne na 'yan Boksa, waɗanda suka taso daga lardin Shandong a wajejen 1899. Samari ne manoma da fari da ambaliya suka talauta. Sukan taru a filin ƙauye, su yi surkulle, su faɗi suna kumfar baki, su tashi suna cewa wani gwarzo ko wani abin bauta ya shige su, kuma harsashi ba zai huda su ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda suke cewa sun hau kansu, galibi jaruman da suka sani ne daga wasannin dandali da tsofaffin hikayoyi, irin su Sarkin Birai da Guan Yu. Wato labarin almara ne ya fito daga dandali ya shiga fagen fama. Uwar sarki Cixi ta mara musu baya a 1900, suka yi wa unguwar jakadun ƙasashen waje a Beijing ƙawanya ta kwana 55, har rundunar ƙasashe takwas ta zo ta murƙushe su, aka ɗora wa Sin diyyar azurfa tael (ma'aunin azurfa na Sin) miliyan 450 a yarjejeniyar 1901.

Harsashi ya huda su, ba shakka. Abin da Kuang ta yi shi ne ta tambaya, da a ce bai huda su ba fa? Kuma ba ta tsaya nan ba, ta ɗauko sunayen Jiang Ziya da Daji da Nezha daga wata hikayar zamanin Ming da kowane ɗan Sin ya tashi da ita, ta raba wa mutanen labarinta.

Wanda ya san bori a ƙasar Hausa ba zai sha wahalar fahimtar tsarin ba. Iska yana hawan dokinsa, ya yi magana da bakinsa, ya yi abin da dokin ba zai iya yi ba a hayyacinsa, sannan ya sauka. Bambancin shi ne a bori ana yin girka ne don a daidaita tsakanin mutum da iskan da ke damunsa, a san lokacin hawa da lokacin sauka. A littafin nan kuwa babu girkar da ke ɗorewa. Duk wanda ya buɗe ƙofa, wata rana allan zai ƙi sauka, mutumin ya haukace, a kai shi dutsen Chuluu Korikh a rufe shi da rai. Rundunar Cike, wadda Rin ta shiga, kowane ɗayansu ya san can ne makomarsa.

Idris:
Malam Bashir, ka manta da wanda ya fi kowa kama da Rin, wato Hong Xiuquan. Ɗan ƙauye ne daga kudu, daga cikin 'yan Hakka da ake rainawa, wanda danginsa suka zuba dukan fatarsu a kan jarrabawar shiga aikin gwamnati. Ya je Guangzhou ya faɗi, ya sake komawa ya faɗi, har sau huɗu. Bayan faɗuwa ta uku a 1837 ya kwanta rashin lafiya yana gane-gane, daga baya ya fassara abin da ya gani da cewa shi ƙanen Annabi Isa ne da aka aiko ya share aljanu daga Sin. Boren Taiping da ya jagoranta ya ɗauki tun daga 1850 har 1864, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum miliyan 20 ne suka mutu. Ina ne ya mayar hedkwatarsa? Nanjing, wanda ya kama a 1853, kuma da shigarsa aka karkashe Manchu mazauna birnin, wato 'yan ƙabilar da ke mulkin Sin a lokacin. Saboda haka jarrabawa da wahayi da kisan kiyashi sun taɓa haɗuwa a jikin mutum ɗaya a wannan birni, shekaru 84 kafin zuwan Japanawa.

Ita kanta jarrabawar ba ƙage ba ce. An faro ta a zamanin daular Sui, ta bunƙasa a zamanin Song, ba a soke ta ba sai a 1905. A bisa ƙa'ida ɗan manomi yana iya zama minista, amma a aikace wanda gidansu ke iya ciyar da shi shekara goma yana haddar littattafan Konfushiyas shi ne ke ci. Littafin ya kama wannan da kyau.

Malam Auwal:
Madalla, Malam Bashir da Idris, kun faɗaɗa mana fage. Amma bari in dawo da mu kan ƙorafin Hajiya, domin ban ga an amsa shi ba tukuna. Hajiya ta tambayi me aka yi wa mamatan. Ni ina ganin sauya sunayen shi ne ya ba marubuciyar damar yin abin da marubucin tarihi ba zai iya ba. Da ta rubuta Japan da Sin a fili, to ƙarshen littafin zai zama wata 'yar Sin ta nutsar da Japan a teku, kuma za a karanta shi ko dai a matsayin mafarkin ramuwar gayya, ko kuma a matsayin cin zarafin wata ƙasa da ke raye. Da ta sauya sunayen sai tambayar ta tsaya tsirara: idan an yi wa mutanenka abin da aka yi a Golyn Niis, kuma aka ba ka ikon shafe waɗanda suka yi, za ka tsaya ka tantance mai laifi da marar laifi?

Ku lura da yadda ta shirya mu. Sojojin Mugen sun iya yin abin da suka yi ne saboda an koya musu cewa mutanen Nikan ba mutane ba ne. Bayan shafuka kaɗan, Rin tana faɗin irin wannan magana a kan mutanen Mugen, kusan kalma da kalma. Kuma Kitay, abokinta, wanda shi ne ya ga kisan da idonsa, ya ɓuya a cikin birnin har aka gama, shi ne ya ƙi yarda da abin da ta yi. Wanda ya fi kowa haƙƙin neman fansa shi ne ya juya mata baya. Marubuciyar ta faɗa da bakinta cewa rayuwar Mao Zedong ce ta zama mata ma'auni wajen gina Rin, tana son ta fahimci yadda mutumin da ya taso daga ƙauye da ƙorafi na gaskiya yake zama sanadin mutuwar miliyoyi. Wanda ya san yunwar da aka yi a Sin daga 1959 zuwa 1961 ya san inda hanyar ta nufa.

Hajiya Rabi:
Malam, wannan hujja tana da ƙarfi, kuma maganar Kitay ita ce mafi kyawun abin da ke cikin littafin, ban musa ba. Amma ka duba abin da ka faɗa da kanka. Idan manufar ita ce a nuna yadda wanda aka zalunta ke komawa azzalumi, to mutanen Golyn Niis sun zama matakala ke nan, an taka su ne don Rin ta hau zuwa ga laifinta. Venka, 'yar ajin Rin da ta tsira daga birnin, kaɗai aka bari ta yi magana da bakinta kan abin da aka yi wa mata, sauran duk gawarwaki ne da ake ƙirgawa.

Akwai kuma abin da aka bari a baya wanda ya fi ci mini rai. A Nanjing na gaskiya, wasu tsirarun baƙi sun ƙi gudu, suka shata wani yanki na tsira a cikin birnin. Shugabansu John Rabe Bajamushe ne, ma'aikacin kamfanin Siemens, kuma ɗan jam'iyyar Nazi, wanda ya riƙa nuna tambarin jam'iyyarsa yana korar sojojin Japan daga kan mata. Minnie Vautrin, malama Ba'amurkiya, ta buɗe ƙofar kwalejin Ginling ga mata da yara har kusan 10,000, abin da ta gani kuma bai bar ta ba har ta kashe kanta a 1941. Yankin ya ba mutane wajen 200,000 mafaka, kuma Sinawa da yawa sun yi aiki a cikinsa suna dafa abinci suna binne gawa. Ban ga makamancin wannan a Golyn Niis ba. Tarihi ya fi littafin rikitarwa, tunda a tarihi ɗan Nazi ne ya ceci rayuka. Littafin ya share wannan domin duhun ya cika, domin fushin Rin ya zama ba shi da kishiya.

Nafisa:
Hajiya, anya ba da gangan ta bar su ba? Labaran da Turawa ke bayarwa kan irin waɗannan masifu kusan kullum Bature ne ke tsakiya yana ceto, 'yan ƙasa kuma suna bayansa suna kuka. Wataƙila ta gaji da wannan ne. Kuma a littafin, Hesperia ba ta shigo yaƙin da Nikan ta yi da Mugen kafin labarin ya fara ba sai da aka shafe mutanen tsibirin Speer, wato sai da abin ya yi munin da ba za a iya kau da kai ba. Ina ganin ra'ayinta kan taimakon Turawa ke nan, kuma a littafi na biyu ta fito da shi sosai.

Idris:
Ina goyon bayan ƙanwata Nafisa a nan, kuma ina da ƙarin hujja cewa littafin bai wanke kowa ba, har da ɓangaren Rin. Kusa da ƙarshe an gano cewa wasu 'yan Cike sun fasa madatsar ruwa don su tare sojojin Mugen, ruwan ya cinye ƙauyukan mutanensu. Wannan ma ya faru. A watan Yuni 1938 sojojin Chiang Kai-shek, jagoran gwamnatin Sin na lokacin, sun fasa shingen Kogin Huang He a Huayuankou, lardin Henan, don su hana Japanawa isa Wuhan. Dubban ɗaruruwan manoma suka mutu, miliyoyi suka rasa matsuguni, gwamnati ta ɗora laifin a kan jiragen Japan, kuma Wuhan ɗin ta faɗi a watan Oktoba na shekarar. Haka nan Sarauniya Daji ce ta sayar da Rin da Altan, kwamandan Cike, ga abokan gaba, kuma shugabannin Nikan ne suka sallama Speer tun farko. Idan littafin farfagandar kishin ƙasa ne, to ya zaɓi hanya mafi muni ta yin ta.

Sai batun likita Shiro, wanda ya tsare Altan yana yaro yana gwaje-gwaje a jikinsa. An aro sunansa ne daga Shiro Ishii, shugaban Runduna ta 731 ta sojojin Japan da ke Pingfang kusa da Harbin, inda aka riƙa sa wa fursunoni cututtuka da gangan ana feɗe su da rai, aka kuma watsa ƙuma masu ɗauke da annoba a Ningbo a 1940 da Changde a 1941. Bayan yaƙi Amurka ta ba shi da abokan aikinsa kariya daga shari'a don ta karɓi sakamakon binciken, ya mutu a Tokyo a 1959. Tarayyar Sobiyet ta gurfanar da mutum 12 a Khabarovsk a 1949. A littafi wuta ta ci wurin gwajin. A duniya kuwa mutumin ya tsufa a cikin iyalinsa. Wannan giɓi tsakanin abin da ya kamata da abin da ya faru, ina jin daga nan littafin ya samo zafinsa.

Malam Bashir:
Akwai abu ɗaya da ban gamsu da shi ba a littafin, tunda na yabe shi da yawa. Sunansa yaƙin ofiyom, amma alhakin ofiyom ɗin an karkatar da shi zuwa Mugen fiye da Hesperia. A tarihi Ingila ce ta yi yaƙi don a bar 'yan kasuwarta su sayar da ofiyom ɗin da ake nomawa a Indiya. Kwamishina Lin Zexu ya lalata akwatuna kusan 20,000 a Humen a watan Yuni 1839, jiragen ruwan Ingila suka zo, aka ƙare da yarjejeniyar Nanjing ta 1842 wadda ta ba su tsibirin Hong Kong ta kuma buɗe musu tashoshin ruwa biyar don ciniki. Yaƙi na biyu, daga 1856 zuwa 1860, Ingila da Faransa ne, kuma shi ya ƙare da ƙona fadar bazara ta Beijing. Gaskiya ne Japan ma ta ci kasuwar ofiyom a Manchuria bayan 1932, saboda haka ba ƙarya aka yi mata ba, amma mai karatun da bai sani ba zai fita da rabin hoto.

Duk da haka, yadda ta ɗaure ƙwayar da tsafin ya burge ni. Abin da aka yi amfani da shi aka durƙusar da ƙasar, shi ne kuma mabuɗin ƙarfin da za a kare ta da shi. Altan, wanda kowa ke ɗauka gwarzon da ba ya girgiza, ashe da lofe yake kwana don ya kashe muryar allan da ke kansa, kuma waɗanda suka tsare shi ne suka fara ɗora shi a kai.

Hajiya Rabi:
Idris, ɗana, ka ce giɓin da ke tsakanin abin da ya kamata da abin da ya faru shi ne zafin littafin. To ai ni tsorona ke nan. Mai karatu ya bi Rin shafi bayan shafi, ya ji yunwarta, ya ji rainin da aka yi mata, ya shiga Golyn Niis tare da ita. Lokacin da dutse ya yi aman wuta a kan Mugen, mu ba mu ga fuskar ko yaro ɗaya na can ba. Hayaƙi kawai muka hango daga nesa, a kan jirgin ruwa. An nuna mana mamatan Nikan har da ƙudan da ke kansu, mamatan Mugen kuwa gajimare ne a sararin sama. Kowa ya san Hiroshima da Nagasaki ake nufi, 6 da 9 ga Agusta 1945, kuma waɗancan biranen suna da nasu shaidun da suka ba da labarin fatar da ke zuba daga jiki. Idan ana so mu ƙyamaci abin da Rin ta yi, me ya sa aka ɓoye mana shi? Na ga masu karatu da dama suna murna da wannan babi, suna cewa Mugen ta girbi abin da ta shuka.

Malam Auwal:
Hajiya, wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi tun da muka fara, kuma ba ni da cikakkiyar amsa. Abin da zan iya cewa shi ne labarin bai taɓa fita daga idon Rin ba, kuma ita ba ta gani ba, ba ta kuma so ta gani. Wanda ya saki bam daga sama ma hayaƙi yake gani. Ana iya cewa an bar mu a makance ne don mu ɗanɗani sauƙin da kisa daga nesa yake da shi, sai mu ji kunyar murnarmu idan Kitay ya buɗe baki. Amma na yarda cewa wannan ya dogara ne ga mai karatu ya ji kunyar, kuma ba kowa ke ji ba. Inda muka rabu da ke shi ne, ke kina ganin marubuciya ce ke da alhakin wanda ya yi murna, ni kuma ina ganin ta ajiye masa Kitay a gabansa, idan ya tsallake shi laifinsa ne.

Nafisa:
Malam, a littafi na biyu Rin tana mafarkin yaran da ta ƙona, kuma ta koma shan ofiyom don ta daina jin su, saboda haka abin bai wuce ta haka kawai ba. Ina roƙon Hajiya ta karanta ko da kashin farko ne kafin ta yanke hukunci.

Hajiya Rabi:
Zan karanta, 'yata, in Allah ya yarda, amma da sharaɗi. Wanda duk zai shiga tattaunawar wata mai zuwa ya fara karanta wani abu daga cikin abin da John Rabe ko Minnie Vautrin suka rubuta a kundin ajiyarsu na kullum, domin duka biyun an buga su, sannan ya karanta shaidar mutum ɗaya da ya tsira daga Hiroshima. Malam Auwal, kai ne mai tsara jadawali, sai ka ƙara mana mako biyu a kan lokacin da aka saba.

Malam Auwal:
An ƙara, Hajiya. Idris zai kawo mana taƙaitaccen bayani kan zamanin madugan yaƙi da ya biyo bayan mutuwar shugaban Sin Yuan Shikai a 1916, domin ba za a fahimci rikicin larduna goma sha biyu da ke littafi na biyu ba sai da shi. Malam Bashir kuma ya shirya mana bayani kan 'yan mishan a Sin, tunda mutanen Hesperia za su sauka da malaman addininsu.